Aljihun Lahadi

Na san abin da kuka taso kuna ji. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabana, amma ya iso gare ni ta bakin masu zuwa sayen mai: wai na gaji da jinyar Baba, na ɗora shi a mota na tura shi Maraɗi wurin ƙanwata Ramatu, can ya cika ba ni kusa. Wasu kuma suka ce rigimar gado ce ta sa ni da Innarku Ramatu ba mu cika daɗewa a tabarma ɗaya ba. Baba bai bar abin da za a yi rigima a kai ba, ban da gona guda a hanyar Korahan, ita ma ƙanensa Baffa Idi ne ya ci gaba da nomawa. Zan faɗa muku yadda shekarar nan ta kasance, ku ajiye maganar inda kuka ga ta dace.

Kakanku dillalin awaki da tumaki ne. Duk wanda ya kora dabba daga Tagris zuwa kasuwar Dakoro ya san shi, a zaurenmu da yawansu suke sauka. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yansa, ni ta fari, Ramatu auta, tsakaninmu akwai tazara mai yawa. Kun san yadda mutanen da can suke yi da ɗan fari: ba wasa, ba yabo, ba haɗa ido sai ta kama. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce. Amma sanin haka bai hana ni tsayawa a bakin zaure ina kallon Ramatu a wuyansa ba, tana riƙe da hularsa, za su je ganin raguna. Da Inna ta fara ciwon baya, ni aka cire daga lakwal, wato makaranta, don in kama mata suyar gyaɗa da matsar mai. Ramatu ta wuce kolej, ta wuce Maraɗi, ta sami aikin buro, wato ofis, ta yi aure can. Ni na yi aure a nan, layi biyu daga gidanmu, da sana'ar Inna a hannuna.

Inna ta rasu da damina. Ba a jima da gama girbi ba Baba ya faɗi a tsakiyar kasuwa, yana cikin ciniki. Likita ya ce tansiyo ce, hawan jini, ta shanye masa ɓarin hagu. Babanku bai jira na roƙa ba, ya ce a share ɗakin da ke kusa da zaure. Daga ranar mako ya dagule mini. Ga magani iri-iri, wani kafin abinci wani bayan abinci. Ga juya shi, ga wanka, ga shafa masa mai a hannun da ya mutu. Ga gyaɗa a wuta, ga zuwa injin niƙa, ga ku kuna ƙanana kowa da buƙatarsa. Sai in tsaya a tsakar gida da ludayi a hannu in rasa abin da na fito yi. Ranar da aka ce mu koma asibiti ta wuce ban sani ba, sai da muka je likita ya duba takarda ya dube ni.

"Madam, ki riƙa rubutawa a kalanda mana."

Na ce to. Amma kalandar da ke gidanmu gidajenta ƙanana ne, rubutuna kuma na jan ƙafa ne, kafin in rubuta kalma uku mai ya ƙone. Ban da haka, ni ba da agogo nake aiki ba, da kiran salla nake aiki.

Sai na yi nawa. Na sami buhun shinkafa na farke shi na wanke, na je wurin telan layinmu na kwaso guntayen atamfa da yake zubarwa. Na raba buhun gida bakwai daga sama zuwa ƙasa, kowace rana da launinta: Litinin shuɗi, Talata ruwan goro, haka har Lahadi da na ba kore. A ƙarƙashin kowace rana na ɗinka aljihu huɗu, na asuba, na azahar, na la'asar, na bayan magariba. A maimakon rubutu sai na riƙa saka alama. Farin maɓalli farar ƙwaya ce, jan maɓalli ja ce. Ɓawon gyaɗa ranar suya. Murfin kwalba zuwa niƙa. Ɗan guntun bandeji ranar asibiti. In na gama abu sai in cire alamarsa in jefa a gwangwani, aljihun da ya rage da nauyi shi ne bashin aikin da ke kaina. Ranar Asabar da yamma in zazzage gwangwanin in sake rabawa. Na farkon bai yi ba, aljihunan sun yi gajeru, maɓallai suna zubowa, akuyarmu kuma ta leƙa ta cinye mini suyar mako guda. Na warware na zurfafa su, na rataye shi sama a bangon ɗakin Baba, inda zan gan shi duk shigar da na yi. Har kaina na saka a ciki: wani tsohon ɗan kunne a aljihun la'asar na Alhamis, ranar da zan je kitso in ji hirar mata. Ban taɓa yin wani abu da hannuna da ya faranta mini rai kamar zanen nan ba. Gida ya daidaita, magani bai ƙara wucewa ba, na fara cin abinci a zaune.

Baba yana kwance yana kallonsa kullum. Harshensa ya yi nauyi, sai an kasa kunne. Wata safiya ina goge masa baki ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna bango.

"Mi ne ne wanga?"

Na ajiye ƙyallen, na tashi na bi masa kwanakin ɗaya bayan ɗaya, na ciro maɓalli na nuna masa, na gaya masa labarin akuyar. Ya saurara har na gama.

"Wanne ne Lahadi?"

"Koren nan na ƙarshe, Baba."

Ya lalubo ƙarƙashin matashinsa ya fito da ƙwayar wani tsohon carbi da ya tsinke.

"Sa mini wagga ciki. Ranar da auta take kira."

Na karɓa na saka. Abin da ya gani ke nan a duk ɗinkin da na yi. Daga nan zanena ya zama abin ƙirga masa kwanakin da suka rage Ramatu ta bugo. Ya haddace launukan tsaf. In na shigo da koko sai in tarar idonsa na kan bango, ya ce yau ruwan goro, da saura. Ranar Lahadi tun hantsi zai ce a sa masa farar riga da hula, a shafa masa turare, alhali murya kawai za ta ji. In portabul ta yi ƙara ni ce zan goge hannu in kara masa a kunne, in durƙusa ina riƙe da ita har kafaɗata ta gaji. A nan nake jin dariyar da ban ji ba duk mako. Bakin da ke kasa cewa "ruwa" sai ya warware, ya tambayi mijinta, ya tambayi yara, ya ba ta labarin wani rago da ya sayar tun tana goye. In za su rabu ya ce, "Allah ya yi miki albarka, auta, Allah ya ba ki masu yi miki." Sannan ya juyo gare ni.

"Ke, gyara mini matashin nan."

Sai in gyara. In fita in koma kan kaskon suya, hayaƙi ya zame mini hujja.

Na taɓa gaya wa babanku abin da ke cina. Ya ce, "Haba Hauwa, ke ce fa yake gani kullum. Wanda ake gani ba a marmarinsa." Na ce masa ni ma ina son a yi marmarina ko sau ɗaya. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Da babbar salla Ramatu ta zo hutu. Ta sauko daga mota da leshi mai ruwan zuma, da kwalin madara, da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu ta masu koyon tafiya. Hannunta da ta miƙo mini laushi gare shi kamar na jariri, na ji kaushin nawa a cikinsa. Baba ya yi ƙoƙarin tashi zaune da kansa, abin da nake lallashinsa ya yi tun watanni. Da suka gama koke-kokensu ta ɗaga kai ta ga zanen.

"Yaya, wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa."

"Wallahi ko a buro ba mu da tsari irin wannan. Tsaya in ɗauki hoto."

Da gaske take, ba ba'a a muryarta, shi ya fi ƙona mini rai. Da ta raina shi da na sami abin riƙewa. Kafin azahar ta yanko 'yan takardu ta rubuta sunayen kwanaki da faransanci da kyakkyawan rubutunta, ta liƙa a saman kowane launi, wai don kowa ya gane. A gidan ba wanda bai gane ba.

Washegari Baffa Idi ya zo daga Birnin Lalle yawon salla. Ina durƙushe ina dama musu fura, Baba ya nuna masa bango da alfahari.

"Ka ga aikin auta. Kowace rana da sunanta."

Ramatu ta yi sauri ta ce, "A'a Baba, Yaya ce ta ɗinka, ni takarda kawai na liƙa."

"To, to," in ji shi. "Ai karatu ya yi rana."

Na ci gaba da damu har furar ta tsinke. Baffa ya dube ni ya kawar da kai. Ramatu ta biyo ni madafi tana ba ni haƙuri, na ce mata ba komai, ta koma wurin baƙi. Ina jin tafiyarta na ji kamar in bi ta in fizge ɗankwalin kanta, ita da ba ta yi mini laifin komai ba ban da zuwa duniya daga baya.

A wannan hutun ta kawo maganar. Ta ce a Maraɗi akwai masu gashin ƙashi da motsa jiki, ta ga waɗanda suka fi Baba shanyewa sun taka. Ta ce gidanta kusa yake da wurin, akwai ɗaki, mijinta ya yarda. Baffa Idi ya ce shi ba shi da ta cewa, Hauwa ce babba, ita ke riƙe da shi, abin da ta yanke shi ke nan. Babanku ya ja ni gefe ya ce kada in yarda. Ya ce tsoho irin Baba, in aka raba shi da masu leƙo shi daga kasuwa, da kiran sallar masallacin da ya sani, ba ƙafa ce za ta dame shi ba. Ya ce ita Ramatu aiki take fita, wa zai zauna da shi? Duk abin da ya faɗa na san gaskiya ne. Da na ce a'a ba wanda zai ja da ni. Karo na farko a rayuwata, abin da Ramatu take so yana hannuna.

Da safe ina shafa wa Baba mai a hannu, yatsa bayan yatsa yadda likita ya nuna mini, sai na tambaye shi.

"Baba, kana son tahiya Maraɗi?"

Idonsa na kan bango, ban ma duba ba na san wane launi yake kallo.

"In ba zai ɓata miki rai ba."

Tun da nake, ban taɓa jin ya ambaci raina ba sai ranar, shi ma don neman izinin barina. Na gama shafa man, na rufe kwalbar, na ce masa Allah ya sa a dace. Abu biyu ne a zuciyata lokacin, duka kuma gaskiya ne. Ina son in ga ubana ya taka ƙasa da ƙafarsa, kuma shi ya zaɓa, ba zan tsare mutum a ɗaki yana ƙirga kwanakin wata ba. Na biyun, ina son Ramatu ta san yadda Litinin take. Ta san asubar da za a canza shimfiɗa, ta san cokalin da za a tofo mata, ta ga ko albarkar za ta ci gaba da zuba haka.

Ranar tafiya ta ce in ba ta zanen. Na ce a'a. Na ce makona ne a ciki, ba na Baba kaɗai ba, akwai suyata da niƙana. Na zauna na bi mata magungunan dalla-dalla, ta saka su a portabul ɗinta yadda za ta riƙa yi mata ƙara, na sa ta maimaita har na tabbata ta riƙe. Aka ɗauko Baba aka sa shi a gaban mota da farar rigarsa. Na gyara masa hula. Ya ce in gai da yara in sun taso daga lakwal, motar ta tashi.

Na koma ɗakin na ɓalle takardun nan na faransanci, na kwashe alamun Baba duka. Sai ga aljihuna sun lafe, ba abin da ya rage sai ɓawon gyaɗa da murfin kwalba da ɗan kunnen nan. Na sami lokacin da na daɗe ina nema, na rasa abin da zan yi da shi. Da kiran azahar sai in miƙe zumbur kamar an tsikare ni, in tuna ba wanda ke jiran ƙwaya. A lokacin ne maganar mutane ta fara, matar da ta zo sayen ƙuli-ƙuli ta ce mini, "Ai kin huta." Ina bugawa Maraɗi, Ramatu ta ɗauka da muryar gajiya, ta ce yana barci, ko ta kara masa ya ce lahiya lau, ya yara, shi ke nan. Ta ce ya fara tsayawa da sandar. Na yi murna, na kuma kwana da haushin cewa ita ce ta ga tsayuwar. Na sa ranar zuwa na ɗaga, na sake sawa na ɗaga. Ina cewa sai na sauke gyaɗar da na saya, amma abin da nake gudu shi ne in shiga gidanta in tarar da su suna dariya, in zama baƙuwa a wurin ubana.

Ana cikin zafin bazara Ramatu ta bugo da hantsi ta ce jikin ya tashi, in taho. Na bar kasko a wuta na nufi tasha, babanku ya biyo ni. Motar ba ta cika da wuri ba. Muna kan hanya babanku da ke gefena ya amsa waya, ya yi salati a hankali, ya riƙe hannuna a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Kafin mu shiga Maraɗi an kai Baba makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba. Wannan shi ne abin da na biya, ba kuma wanda ya sa ni.

A zaman makoki na ga Ramatu da kyau. Ta rame, idanunta sun faɗa, hannunta ya yi kanta. Bayan sadakar uku, da la'asar, baƙi sun ragu, na same ta a bayan madafi tana wanke kofuna ita kaɗai. Na zauna na kama mata ɗauraya.

"Yaya, yaya kika yi kika iya?"

Wannan tambayar na yi watanni ina jira. Da ta zo ban ji daɗin komai ba.

"Haka nan," na ce.

"Bai taɓa sakin jiki da ni ba," in ji ta. "Ko ƙafarsa bai yarda in wanke ba, sai mai gidana ya dawo. In na kawo koko ya kurɓa ya ture, ya ce yayarki ba haka take damawa ba. In na shafa masa mai ya ce yayarki daga yatsa take farawa. Portabul ta yi ƙarar magani, ya ce a kashe wannan abin, yayarki ba ta taɓa buƙatar a tuna mata ba. Ran nan abokan mai gidana sun zo gaishe shi, ya zaunar da su yana ba su labarinki. Ya ce yana da ɗiya a Dakoro, da namiji ce da ta riƙe kasuwa gaba ɗaya. Ya ce duk abin da ya ci na lahiya bayan rasuwar Inna daga hannunki ya fito. Ina tsaye da tire, Yaya. Wallahi sai da na ji kishinki."

Ta fashe da kuka, ta kifa kai a kafaɗata. Na riƙe ta, don ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ta wahala da shi iyakar ƙarfinta. Ina so ku san wannan, kada wani cikinku ya ƙullace ta, ba ta taɓa cin haƙƙina ba. In ta zo Dakoro a ɗakina take sauka, in na yi sabon mai nata nake fara cikawa.

Amma kun ce in faɗa muku gaskiya. Ina riƙe da ita a bayan madafin nan, ruwan wanke-wanke na bin ƙafafunmu, ina ta juya maganganun da ta faɗa, ina neman yadda muryarsa ta yi da ya faɗe su. Ban samu ba, don ban ji ba. Na yi kusan shekara ina durƙushe a gefen gadonsa, kunnena dab da bakinsa. Ya tashi ya yi tafiya har Maraɗi kafin ya buɗe baki, har yabon nawa ma Ramatu ce ta ji shi.